Idan Zuciyar Marar Lafiya Ta Tsaya a Asibiti, Wa Za a Kira? Tambayoyi da Amsoshi

Na daɗe ina aikin jinya a nan Jos, yawanci a ɗakin tiyata da sashen gaggawa, kuma 'yan shekarun nan ina cikin masu koya wa ɗalibai da sababbin ma'aikata yadda ake farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Danna ƙirji ba ya ba su wuya, yini guda hannunsu ya faɗa. Inda ake yin cirko-cirko shi ne idan na ce: to, ga ki ke kaɗai a ɗakin maza ƙarfe uku na dare, wa za ki kira, kuma ta wace hanya? Mutum biyar, amsa biyar. Shi ya sa nake ganin dole a daidaita kiran, kowa ya bi hanya ɗaya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai, abokan aiki da 'yan uwan marasa lafiya suka fi yi mini a kan wannan batu.

Tsayawar zuciya ita ce abin da ake cewa bugun zuciya?

A'a, kodayake a labarai akan haɗa su wuri guda. Abin da aka fi kira bugun zuciya shi ne toshewar ɗaya daga jijiyoyin da ke kai wa tsokar zuciya jini. Mai shi yana iya kasancewa a farke, dafe da ƙirji, yana gumi, yana magana. Tsayawar zuciya kuwa ita ce zuciya ta daina tura jini gaba ɗaya. Cikin daƙiƙu mutum zai sume, a kira shi ba ya amsawa, numfashi ya ɗauke ko ya koma wata shaƙuwa jefi-jefi mai kama da gargara. Toshewar jijiya tana iya jawo ta, amma a gadajenmu abin da na fi gani yana kai mutum can shi ne ƙarancin iskar oksijin, zubar jini mai yawa bayan haihuwa ko hatsarin mota, ƙwayoyin cuta da suka bazu a jini, da hauhawar sinadarin fotashiyam ga masu ciwon ƙoda.

Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiyar iska. Minti 4 zuwa 6 babu jini, ta fara lalacewa.

Ai aikin yana hannun mai danna ƙirji. Me ya sa ake ba kira wannan muhimmanci?

Domin danna ƙirji riƙon ƙwarya ne. Yana tura ɗan jini zuwa ƙwaƙwalwa kafin a kawo abin da zai tayar da zuciyar, amma da wuya shi kaɗai ya tayar da ita. Ana danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, a hura iska sau 2 bayan kowane danni 30. Duk ƙarfin mutum, bayan minti 2 danninsa ya fara rauni ko da shi bai ji gajiya ba, shi ya sa ake canjin hannu. A daidai lokacin ana bukatar mai riƙe abin hura iska a fuska, mai neman jijiya ya ba da allurar adirenalin duk minti 3 zuwa 5, mai jawo na'urar shokin zuciya ya duba ko irin tsayawar da shokin ke gyarawa ce, da kuma wanda zai tsaya yana tunanin abin da ya jawo matsalar tun farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Idan irin wadda shokin ke gyarawa ce, abin da ƙa'idojin farfaɗowa na Turai suka nema a cikin asibiti shi ne a yi shokin farko kafin cikar minti 3. Duk mintin da ya tafi wajen laluben lamba, daga cikin ukun nan aka cire shi.

To me ake nufi da daidaita kiran?

Lamba ɗaya da kowa ya sani, wadda ba ta canzawa daga ɗaki zuwa ɗaki, ko daga rana zuwa dare, ko daga wannan asibiti zuwa wancan. Kalmomi iri ɗaya da mai kira zai faɗa. Mutum a ɗaya ɓangaren wanda wajibinsa ne ya ɗauka nan take. Da tawagar da aka riga aka sanar da ita tun farkon duti cewa yau ita ce da alhakin amsawa. Mutane sun fi riƙe maganar lamba domin ita ce ake liƙawa a bango, amma lambar da ba mai ɗauka ba ta fi bangon amfani ba.

Ina aka samo lambar 2222 da ake ta ambato a matsayin lambar wannan kira?

Daga Birtaniya ta yi ƙarfi. A shekarar 2004 hukumar kula da amincin marasa lafiya ta can ta gano cewa asibitocin gwamnati suna amfani da lambobi 27 daban-daban wajen kiran tawagar farfaɗowa, sai ta fitar da sanarwa cewa asibitocin Ingila da Wales su koma 2222. Bayan shekaru goma da 'yan kai, majalisar farfaɗowa ta Turai da ƙungiyoyin likitocin sa barcin tiyata na nahiyar suka haɗa baki suka nemi duk asibitocin Turai su bi sahu. Turkiyya ta mayar da ita doka a asibitocinta: 2222 idan zuciya ta tsaya, 1111 idan an far wa ma'aikaci, 3333 idan an sace yaro. Wasu jihohin Ostareliya ma sun karɓe ta.

Babu wani sirri a cikin lambar. Maɓalli ɗaya ne ake dannawa sau huɗu, hannu mai rawa ma zai iya, asibitoci da yawa dama suna amfani da ita, kuma ba ta kama da lambobin gaggawa na waje irin su 999 ko 112. A kula, lambar wayar cikin gida ce ta asibiti. Ba za ki danna ta a wayar hannunki daga unguwar Gangare ki samu kowa ba.

Ma'aikaci ba zai iya haddace lambar asibitinsa kawai ba?

Wanne ne asibitinsa? Ku dubi yadda muke zagayawa a garin nan. Ɗaliba ta yi wata biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, a tura ta asibitin ƙwararru na jiha, ta gama ta samu aiki a asibitin Jankwano. Sababbin likitoci suna sauya sashe duk bayan 'yan watanni. Masu yi wa ƙasa hidima suna zuwa daga Inugu da Sakkwato, shekara guda sun tafi. Likita ya yi safiya a asibitin gwamnati, da yamma yana wani mai zaman kansa a Bukuru. Kuma waɗannan sababbi da baƙi su ne aka fi bari a bakin gado da dare, wato su ne za su fara gani.

Sannan akwai abin da firgici ke yi wa tunani. Na ga mutumin da ya manta lambar wayarsa ta kansa a irin wannan hali. Abin da hannu ya saba da shi ne kaɗai ke tsira.

Wani dare da ba ya barin raina, a wani asibitin da na taɓa aiki, wata yarinya da ke mako na biyu da fara aiki ta tarar da wani dattijo ba ya numfashi. Ta yi daidai, ta hau danna ƙirji nan take. Ta ce wa ɗansa ya duba takardar duti a bango ya kira lambar likita. Ya kira, ashe likitan sun yi musanyar kwana da wani, yana gida. Likitan ya karanto wata lambar, ɗan ya rubuta a tafin hannu, ya kira, kati ya ƙare. Sai da ya ruga da ƙafa ya same mu a wani gini. Da muka iso an haura minti goma, ita kaɗai, rigarta sharkaf da gumi a cikin sanyin hunturun Jos. Baba bai tashi ba. Ban san ko da zai tashi da mun zo da wuri ba, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne babu wanda ya yi sakaci a cikinsu, daga ita har likitan har ɗan. Hanyar kiran ce ba ta nan.

Wayoyin cikin gida sun mutu a ɗakuna da yawa. Wannan ba maganar ƙasashen da suka ci gaba ba ce?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, kuma masu yin ta suna da gaskiya. A wurare da yawa da na yi aiki, wayar tebur ko dai babu, ko tana nan ba rai, ko ta ɗauke da zarar an ɗauke wuta. Abin da ake yi a zahiri shi ne nas ta ciro wayarta, da katinta, ta nemi lambar likita, ko a aiki atenda da gudu.

Inda akwai na'urar haɗa wayoyin cikin gida mai aiki, ware 2222 ba aiki ne mai tsada ba. Mai gyara zai saita ta, a ba ta layin da ba a amfani da shi don komai sai wannan, a haɗa na'urar da batir ko sola domin kada ta mutu a tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta. Wannan tsakanin ba wasa ba ne, domin a lokacin ne injin oksijin ke tsayawa, a lokacin ne kuma aka fi bukatar kiran.

Inda babu, ga abin da nake ganin ya fi dacewa da mu. A sayi ƙananan wayoyi masu maɓalli, irin masu riƙe caji kwana da kwanaki, kowane ɗaki guda. A ɗaure ta a teburin nas, ba ta shiga aljihun kowa. A sa su duka a layin rukuni na kamfanin waya, wanda ake biya a wata, yadda maganar kati ba za ta taso ba. A saita maɓallin 2 ya zama kiran gaggawa, a danne shi kawai ya tafi. Wayar da ke karɓa kuma ta duti ce, ba ta wani mutum ba: ana miƙa ta hannu da hannu lokacin karɓar aiki kamar yadda ake miƙa makullin kabad ɗin magunguna. Ta haka ko likitoci sun yi musanyar kwana sau goma, kiran yana zuwa hannun wanda ke cikin asibiti. A manyan wurare masu gine-gine a warwatse, wayar oba-oba irin ta masu gadi ta fi, domin murya ɗaya ta isa ga mutum biyar lokaci guda kuma ba ruwanta da sabis. Ƙaramin asibiti mai gini ɗaya kuwa, ƙararrawa mai sauti na daban ta wadatar, muddin ba a kaɗa ta don wani abu.

Kafin a zaɓi layi, a zagaya da wayar kowane lungu, har ɗakin hoto da ƙarƙashin bene, a ga inda sabis ke ɗaukewa.

Abin da ba na goyon baya shi ne a dogara da rukunin WhatsApp. Saƙo ba ya tayar da mai barci, yana bukatar data, kuma mai aikawa ba ta da tabbacin an gani. Yana da amfani wajen tura jadawalin duti, ba wajen kiran rai ba.

Me mai kira zai faɗa?

Abu uku, a jere, ba gaisuwa: abin da ya faru, babba ne ko yaro, da wurin. Misali: “Zuciya ta tsaya, babban mutum, ɗakin mata na tiyata, gado na shida.” Mai karɓa ya maimaita abin da ya ji, mai kira ta ce “haka ne”, sannan a ajiye. Maimaitawar nan daƙiƙa biyar ce, amma ita ke hana tawaga rugawa ɗakin maza alhali a na mata ake nemansu.

Barin gaisuwa yana yi mana nauyi, na sani. Yarinyar da aka rena da tarbiyya ba ta iya buɗe baki ga babban likita ba tare da “ranka ya daɗe, barka da dare, don Allah ka yi haƙuri na tashe ka” ba. Dole manya su faɗa da bakinsu, a gaban kowa, cewa a wannan kiran kaɗai an yafe. In ba su faɗa ba, ba za ta bari ba.

Faɗin babba ko yaro ko mai ciki ko jariri yana da dalili: kayan aiki da ma'aunin magani sun bambanta, mutanen da za su zo ma haka. A Birtaniya lambar ɗaya ce, mai kira ne ke faɗin tawagar da yake so.

Sai sunayen ɗakuna. Kusan kowane asibiti yana da ɗakin da ke da suna biyu ko uku: na jikin allo, wanda tsofaffin ma'aikata suka saba da shi tun kafin a sauya, da wanda masu jinya suka laƙaba. A zaɓi ɗaya, a rubuta shi da manyan baƙaƙe a saman wayar, yadda baƙo ma zai karanto.

Gara a yi amfani da kalmar sirri irin “kod bulu”, ko a faɗi abin ƙarara?

Ni ina bayan faɗa ƙarara. “Kod bulu”, wato kiran shuɗi, shela ce ta cewa zuciyar wani ta tsaya. An ƙirƙiro kiran launuka ne don kada a tsorata jama'a idan an yi shela a lasifika, amma da kowane asibiti ya tsara nasa, sai launi ɗaya ya zama gobara a nan, ya zama wani abu dabam a can. A kudancin Kalifoniya ta Amurka, ƙungiyar asibitocin yankin ta daidaita kalmominta a shekarar 2000 bayan wani ɗan bindiga ya kashe mutum uku a wani asibiti inda aka yi shelar kalmar da ba ita ba. Daga baya ma asibitoci da yawa a Amurka sun koma magana a fili. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Launi bakwai ba zai zauna a kan mai shara da mai gadi ba, alhali su ma suna iya zama na farkon gani.

Idan asibiti ya riga ya saba da “kod bulu” kuma kowa ya gane, ba sai an tayar da rigima ba, a dai bi shi da wurin. Abin da ya fi damuna a Jos shi ne harshe. Muna aiki da Birom, Angas, Tarok, Ibo, Yarbawa, Hausawa da Fulani a ɗaki guda. A amince da jimla ɗaya da Turanci, ɗaya da Hausa, duka biyun karɓaɓɓu, a liƙa su tare.

Su wa ya kamata su zo?

A babban asibiti: likita mai jagora, wanda ya iya sa bututun numfashi, nas biyu ko uku, da mai kawo kaya da kai samfurin jini. A ƙarami, wataƙila mutum uku ne duk abin da ke akwai da dare, kuma sun isa idan kowa ya san nasa. Sharaɗin shi ne su haɗu na minti biyu a farkon duti, su san sunan juna, a ce kai ne iska, ke ce allura, ni ne jagora. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Jagora ba ya danna ƙirji idan akwai wani. Yana tsayawa a ƙafar gado, yana kallon kowa da agogo.

Ba za a kira 112 kawai ba?

Lambar 112 ta gaggawa ce ta ƙasa, kyauta, don abin da ya faru a gida ko a hanya. Tsarin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa, NEMSAS, wanda ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ƙaddamar a 2022 aka fara gwada shi a Abuja, shi ma aikinsa kawo mutum asibiti ne. Wanda ke kwance a gado ya riga ya iso. Taimakonsa yana cikin ginin.

Ni mai jinya ce, ba ma'aikaciya ba. Ina da ikon tayar da kira?

Kina da shi, kuma ina roƙon ki yi amfani da shi. A ɗakunanmu nas ɗaya ko biyu ke kula da gadaje masu yawa da dare. Ke ce a gefen gadon, a kan tabarma, kina jin kowane numfashi. Ba na'urar da ta kai ki.

Ga inda nake so a fahimce ni da kyau. Mu mutane ne da idan muka ga numfashi ya sauya, abin da ke fara zuwa bakinmu salati ne. A tofa addu'a, a laƙƙana kalmar shahada, a kira babban wa a waya, wata ta fara gyara mayafi. Ban ce a bar ko ɗaya ba, ni ma abin da zan so a yi mini ke nan. Amma shaƙuwar nan da muke ɗauka gargarar mutuwa ce, sau da yawa alama ce ta mintunan farko na tsayawar zuciya, lokacin da farfaɗowa ta fi yiwuwa. Baki yana salati, ƙafa tana tafiya teburin nas. Idan ku biyu ne, ɗaya ta zauna da addu'a, ɗaya ta ruga. Ki ɗaga murya: “Sista, Mama ba ta numfashi!” Kada ki tsaya sallama, kada ki jira ta gama rubutu, kada ki ji kunyar tayar da masu barci.

Ki taɓa kafaɗarta da ƙarfi ki kira sunanta. Ba ta amsa ba, ƙirji ba ya ɗagawa kamar kullum, shi ke nan, kin ga abin da ya isa. Kada ki ɗura mata ruwa, kada ki zaunar da ita. Idan tawaga ta iso, a ba su fili, mutum ɗaya daga dangi ya tsaya kusa don amsa tambaya. Za ki ga ana danna ƙirji da ƙarfin da zai ba ki tsoro, wani lokaci har haƙarƙari ya karye. Ba mugunta ba ce, zurfin da ake bukata ke nan, kuma ƙashi yana ɗoruwa.

A Ingila, tun 2024 aka fara wani tsari da ake kira dokar Martha, sunan wata yarinya 'yar shekara 13 da ta rasu a 2021 bayan iyayenta sun yi ta nuna damuwa ba a saurare su ba. Tsarin ya ba dangi damar kiran wata tawaga kai tsaye idan sun ga jikin nasu yana lalacewa. Mu da masu jinya ke kwana a ɗaki mun fi su bukatar irin wannan.

Idan na kira aka zo aka tarar suma ce kawai fa?

Sai mu gode wa Allah mu koma. Duk asibitin da ake yi wa ƙaramar ma'aikaciya tsawa don ta yi kiran da bai zama komai ba, ya koya mata jinkiri, kuma ranar da abin ya zama gaske sai ta tsaya tana tabbatarwa. Karin maganar nan ta “da muguwar rawa gara ƙin tashi” ba ta da wuri a nan.

Ma fi kyau a kira tun zuciyar ba ta tsaya ba. Yawancin waɗanda zuciyarsu ke tsayawa a gadon asibiti sun yi sa'o'i suna nuna alama: numfashi ya yi sauri, awon jini ya sauka, bugun jijiya ya hau, mutum ya fara ruɗewa ko yawan barci. Wannan ne ya sa wani asibiti a birnin Sidni na Ostareliya ya kafa tawagar da ake kira tun kafin a kai ga tsayawa, a wajen 1990, kuma tunanin ya bazu duniya. Kwalejin likitoci ta Landan ta fitar da takardar maki a 2012, ta sabunta ta a 2017, inda ake auna abu shida: saurin numfashi, yawan oksijin a jini, awon jini, bugun jijiya, zafin jiki da farkawar hankali. Maki ya kai wani adadi, kira ya wajaba, ba sai nas ta yi gardama da kowa ba. Takarda ce da biro, ba ta cin wuta. Na fi son ta fiye da kowace na'ura da muke roƙo a saya mana, domin tana ba ƙaramar ma'aikaciya hujjar da babba ba zai ture ba.

Idan ajali ya zo, me kiran zai hana?

Ba zai hana komai ba, kuma babu ma'aikacin lafiya mai hankali da ke da'awar haka. Sai dai ba a ba mu sanin wane ne nasa ya zo ba. Na ga matar da zuciyarta ta tsaya bayan zubar jinin haihuwa, yau tana kai 'yarta makaranta.

Gaskiyar lissafi kuma ita ce, ko a Birtaniya da Amurka, cikin waɗanda aka yi wa farfaɗowa a asibiti, kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar ne ke komawa gida da rai. Akwai kuma wanda cuta ta riga ta cinye, wanda danna ƙirji ba zai ƙara masa komai ba sai wahala. Irin wannan, likita ya zauna da iyali tun da rana, a yi magana a fahimci juna, a rubuta a fayil. Bai kamata a bar wa yarinyar da ke duti ita kaɗai ta yanke wannan hukunci ƙarfe uku na dare ba. Inda ba a rubuta komai ba, a kira.

Za a ce sai mun biya kafin a zo?

Bai halatta ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ma'aikaci ko asibiti ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili. A aikace, abin da ke kawo cikas shi ne a rubuta wa dangi adirenalin su je kantin magani su sayo alhali ana kan danna ƙirji. Maganinsa akwatin gaggawa a kowane ɗaki, a rufe da hatimin da ake tsinkewa da hannu, ba kwaɗo ba, a duba shi kowane duti, a cike gurbin abin da aka ɗauka kafin a tashi. Lissafi ya biyo baya. Shi ma akwatin a jera shi iri ɗaya ko'ina, yadda aljihun sama a ɗakin yara shi ne aljihun sama a ɗakin haihuwa.

Sauya tsari ba zai kawo ruɗani ba?

Zai iya, idan aka yi shi da takardar sanarwa kawai. A bar tsohuwar hanya da sabuwa suna aiki tare na wasu watanni, duka suna kaiwa wuri ɗaya. A liƙa lambar a jikin kowace waya da bayan katin shaidar kowane ma'aikaci. A sanar da masu gadi, masu shara, masu karɓar kuɗi da ɗalibai, ba likitoci da nas kaɗai ba. A gwada layin kowace safiya da kowane dare a sa hannu.

Sai atisaye ba sanarwa. A ajiye mutum-mutumin koyo a wani gado, a ce wa wadda ke kusa “ga shi ba ya numfashi”, a danna agogo. Minti nawa kafin kira, minti nawa kafin mutum na farko, minti nawa kafin na'urar shokin ta iso. A nan ake gano cewa ƙofar da ke tsakanin gini biyu ana kulle ta da dare, ko tayar keken kaya ta karye, ko batirin na'ura ya mutu tun watan jiya. A yi shi da dare da ranar Lahadi ma, ba safiyar Talata kaɗai da kowa ke nan ba. Kuma a rubuta lokutan kowane kira na gaske. Akwai tsarin rubutawa da duniya ta amince da shi, wanda ya samo suna daga Utstein a ƙasar Nowe inda masana suka fara zama a kansa a 1990, amma ko littafi mai layi huɗu ya isa a fara.

Wa ke da alhakin yanke wannan shawara, kuma ni ƙaramin ma'aikaci me zan iya?

A matakin ƙasa, ma'aikatar lafiya ta tarayya ce za ta iya cewa ga lamba ɗaya, majalisar likitoci da ta ma'aikatan jinya da ungozoma kuma su sa ta cikin abin da ake koyarwa da abin da ake dubawa kafin a amince da asibitin horarwa. Ina fatan su zaɓi 2222, tunda likitocinmu da nas-nas suna fita waje suna dawowa, babu dalilin ƙirƙiro wata. Amma Jos ba sai ta jira Abuja ba. Manyan asibitocin garin nan ba su da yawa, shugabanninsu sun san juna, ɗalibai ɗaya suke musaya. Zama ɗaya da ma'aikatar lafiya ta jihar Filato zai iya fitar da lamba ɗaya da jimla ɗaya, masu zaman kansu su biyo baya.

Kai kuma, gobe idan ka karɓi duti, kafin ka buɗe fayil ko ɗaya, tambayi wanda ka karɓa daga hannunsa: idan wani ya faɗi yanzu, wa zan kira? Kira lambar a gabansa ka ji ko za a ɗauka. Je ka ga akwatin gaggawa da idonka, ka matsa abin hura iska ka ji ko yana da ƙarfi, ka tambayi inda na'urar shokin mafi kusa take da wanda ke riƙe da makullin ɗakin. Abin da ka samu ba daidai ba, rubuta shi a littafin rahoto da kwanan wata, ka kai wa metiron da safe, ka sake rubutawa mako mai zuwa idan ba a gyara ba.